'Yar "Dokta K": nazarin lamarin Analía Kalinec da mahaifinta a Ajantina

A ranar 31 ga Agusta, 2005, wata malamar makaranta a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, mai suna Analía Kalinec, ta ɗauki waya ta ji muryar mahaifiyarta tana ce mata kada hankalinta ya tashi, amma an tsare babanta. Shekarunta 25 a lokacin, tana da aure da ɗa guda ƙarami, kuma iyakar abin da ta sani game da mahaifinta, Eduardo Emilio Kalinec, shi ne cewa babban jami'i ne a rundunar 'yan sandan tarayya, magidanci mai kula da iyali, wanda matarsa da 'ya'yansa mata huɗu suke ji da shi. Bayanin da aka yi a cikin gida bai yi wuyar haɗiya ba: 'yan gurguzu ne suka samu mulki, suna ramuwar gayya a kan mutanen da suka kare ƙasa. Analía ta yarda da wannan bayani, ta shiga layin masu ziyara a gidan yarin Marcos Paz tare da uwarta da 'yan uwanta, kuma ta yi shekaru tana zuwa ba tare da ta tambaye shi abin da ake tuhumarsa da shi ba.

Kafin a cika shekara 15 da wannan waya, matar nan ta tsaya a gaban alƙalai tana roƙon kada a bar mahaifinta ya fita daga kurkuku ko da na 'yan sa'o'i ne, alhali ba ta taɓa cewa ta daina ƙaunarsa ba, kuma ba ta yar da sunansa ba. Lamarinta ya cancanci a bi shi daki-daki. Jinin da uba ya zubar saboda siyasa shi ne zai amsa shi, a gaban kotu da gaban Mahaliccinsa. Abin da yakan gangaro kan 'ya'ya shi ne shirun da gidan ya lulluɓe jinin da shi, kuma a kan wannan shiru ne kawai ɗa yake da zaɓi.

Tushen maganar yana komawa ga 24 ga Maris, 1976, ranar da sojoji ƙarƙashin Janar Jorge Rafael Videla suka hamɓarar da gwamnatin Isabel Perón. Ƙasar ta daɗe cikin tashin hankali kafin juyin mulkin. Ƙungiyoyin 'yan sari-ka-noƙe masu ra'ayin sauyi, Montoneros da ERP, suna sace attajirai suna kashe jami'an tsaro, a ɗaya gefen kuma gungun makasa na masu ra'ayin riƙau da ake kira Triple A yana harbe duk wanda ya ga dama. A watan Yulin 1976 Montoneros suka dasa bam a ɗakin cin abinci na wani ofishin 'yan sandan tarayya, mutum 23 suka mutu. Wannan ya faru, kuma a kansa ne jami'ai irin su Kalinec suka jingina har tsufansu. Sai dai gwamnatin sojan ba ta kama mutane ta kai su kotu ba. Tsarinta shi ne a ɗauke mutum daga gidansa ko wurin aikinsa, a jefa shi a mota marar lamba, a kai shi wurin tsarewa na ɓoye, a azabtar da shi har ya ambaci sunayen wasu, sannan a kashe shi a ɓatar da gawar, idan danginsa suka zo cigiya a ce ba a san da shi ba. 'Yan ƙwadago da ɗalibai da lauyoyi da 'yan jarida da limaman coci da mata masu juna biyu duk sun shiga wannan rami. Hukumar binciken da Shugaba Raúl Alfonsín ya kafa bayan dawowar mulkin farar hula a Disambar 1983 ta tattara sunayen mutum 8,961 da suka ɓace da wuraren tsarewa kimanin 340, ta kuma ce lissafin bai kammala ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa 30,000 ne. An ƙiyasta jarirai kusan 500 da aka raba da iyayensu aka ba wasu gidaje, da yawa daga ciki gidajen jami'an tsaro.

Kalinec ya yi aiki ne a wurare uku da suka gaji juna, waɗanda ake haɗa sunansu a ce Atlético, Banco da Olimpo. Na farko ginin ƙarƙashin ƙasa ne na wani ma'ajin kayan 'yan sanda a kan titin Paseo Colón, a tsakiyar birni, inda aka tsare mutane a shekarar 1977 har zuwa ƙarshenta, lokacin da aka rushe ginin don a shimfiɗa babbar hanya. Aka kwashe fursunonin zuwa Banco a bayan gari, daga nan kuma a watan Agustan 1978 aka mai da su Olimpo, wata tsohuwar tashar motoci a unguwar Floresta, kewaye da gidajen jama'a. Wanda aka kawo akan karɓe sunansa a ba shi harafi da lamba, a ɗaure masa ido da ƙyalle, a sa masa mari a ƙafa. Ɗakin azaba suna kiransa ɗakin tiyata, kayan aikinsa kuwa gadon ƙarfe ne da sandar lantarki irin wadda aka samo daga ta kora shanu. Idan aka kira lambar mutum aka ce za a yi masa sauyin wuri, ma'anarta a yi masa allurar barci a loda shi a jirgin sama a jefa shi cikin kogin Plata ko tekun Atlantika. Jami'an ba sa amfani da sunayensu na gaskiya, saboda haka waɗanda suka tsira sun san mahaifin Analía ne da laƙabin "Dokta K".

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Delia Barrera, wadda ta yi kwana 92 a Atlético kuma aka ɓatar da mijinta Hugo Scutari daga wurin, ta ba da shaida cewa bayan an yi mata dukan da ya taɓa haƙarƙarinta, wannan "Dokta K" ne ya duba ta, ya ce mata ƙasusuwan sun tsage amma ba za a naɗa mata bandeji ba, kada ta rataye kanta da shi. An haifi Analía a 1979, bayan an rufe Olimpo. Hannun da ya ɗauke ta tana jaririya shi ne hannun da Delia Barrera ta sani.

Yadda mutum zai kai shekara 25 a babban birnin ƙasa bai san wannan ba yana buƙatar bayani, kuma rabin bayanin yana cikin dokokin ƙasar. A 1985 an gurfanar da shugabannin mulkin sojan, aka yanke wa Videla da Admiral Emilio Massera ɗaurin rai da rai. Amma barikoki suka fara gunaguni, gwamnati ta ja da baya. A Disambar 1986 aka yi dokar da ta rufe ƙofar shigar da sababbin ƙararraki, a Yunin 1987 kuma aka yi wadda ake kira dokar biyayya ta wajibi, wadda ta ɗauka cewa ƙananan jami'ai umarni kawai suka bi, don haka ba su da laifi. Shugaba Carlos Menem ya cika aikin da afuwar da ya yi a 1989 da 1990, har Videla ya koma gida. Kalinec yana cikin ɗaruruwan da wannan laima ta rufe, ya ci gaba da aikinsa yana samun ƙarin girma. Sai a 2003, zamanin Shugaba Néstor Kirchner, majalisa ta soke dokokin biyu, a ranar 14 ga Yuni, 2005 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sun saɓa wa tsarin mulki. Shari'ar da ta jawo wannan hukunci daga Olimpo ta fito: ta José Poblete ce, ɗan ƙasar Chile wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgin ƙasa, da matarsa Gertrudis Hlaczik, waɗanda aka sace a Nuwambar 1978 tare da 'yarsu mai wata 8, aka ba wani hafsan soja yarinyar ya raine ta da sunansa. Wata biyu da rabi bayan hukuncin aka kama Kalinec.

Ɗaya rabin bayanin yana cikin gida. Analía ta sha faɗa cewa yarintarta mai daɗi ce, cewa babanta mai wasa da 'ya'ya ne, cewa mu'amalar gidan ba ta cika wuce iyalan 'yan sanda ba, kuma ba a zancen siyasa ko zamanin soja a kan tebur. Ta rubuta game da wata tatsuniya da yakan yi mata tana ƙarama, ta wani ɗan zomo da ya ƙi jin maganar uwarsa ya je ya ji ciwo, wadda darasinta shi ne yaro ya bi abin da aka ce masa. Babu uban da bai taɓa yin irin wannan tatsuniya ba, kuma babu laifi a cikinta. Abin da ya ba ta nauyi daga baya shi ne mai yin ta ya tsira daga shari'a kusan shekara 20 da hujjar cewa shi ma biyayya ya yi.

Ba rana ɗaya idonta ya buɗe ba. Tana koyarwa a makarantar gwamnati, ta shiga ƙungiyar malamai, tana kuma karatun ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Buenos Aires, wurare uku da ake maganar waɗanda suka ɓace a fili, wani lokaci ma da bakin 'ya'yansu. Ta ba da labarin ranar da aka kira ta daga makarantar rainon ɗanta, saboda yaron ya gaya wa abokansa cewa kakansa yana kurkuku don ya kashe mutane da yawa. Abin da manya suke ta kewaye-kewaye a kansa, yaro ɗan shekara 4 ya faɗe shi kai tsaye. A 2008, da aka kammala bincike aka tura shari'ar gaban kotu, ta nemi takardar tuhumar ta karanta da kanta. A ciki ta ga shaidun waɗanda suka tsira suna ambaton "Dokta K" ɗaya bayan ɗaya, suna bayyana kamanninsa da muryarsa da halinsa a ɗakin azaba, mutanen da ba su san juna ba kafin a tsare su kuma ba su da dalilin haɗa baki a kan wani ɗan sanda guda.

Ta tafi kurkuku da tambayarta, tana fatan ya ce ƙarya ne. Bisa ga abin da ta faɗa, bai musanta ba, sai ya shiga kare abin da aka yi: yaƙi ne, 'yan ta'adda suna dasa bama-bamai, ƙasa ce aka ceta. Ya kuma tambaye ta ko tana ganinsa a matsayin dodo. A ganina a nan ne lamarin ya yanke. Da ya musanta, da ta samu inda za ta laɓe, ta ce magana ce ta wani a kan ta wani. Da ya amsa ya yi nadama, da an samu hanyar da za a bi, mai zafi amma mai ɓullewa. Abin da ya ba ta shi ne na uku, wato ya aikata kuma yana ganin daidai ya yi, tare da neman ta ci gaba da zama 'yarsa a kan wannan sharaɗi. Daga wannan ziyara ba ta koma layin masu ziyara ba.

A ranar 21 ga Disamba, 2010, Kotun Tarayya ta 2 a Buenos Aires ta yanke hukunci a shari'ar wuraren uku, wadda ta shafi mutum 181 da aka zalunta. Mutum 12 suka samu ɗaurin rai da rai, Kalinec yana cikinsu, bisa laifukan sace mutane da azabtarwa da kisa. Hukuncin bai haɗa kan gidan ba, ƙara raba shi ya yi. A wurin iyali Analía ce ta ci amana, ita ce ta fitar da sirrin gida ta kunyata uba a lokacin da yake buƙatar 'ya'yansa. Mahaifiyarta ta rasu a 2015, alaƙarta da 'yan uwanta biyu masu aiki ƙarƙashin rundunar 'yan sandan tarayya kuma ta yanke. Shekaru ta yi tana zaton ita kaɗai ce a ƙasar take cikin wannan hali, domin 'ya'yan waɗanda aka ɓatar suna da ƙungiyarsu tun 1995, iyalan jami'an da aka ɗaure su ma suna da tasu mai kiran su fursunonin siyasa, amma 'yar mai laifi da ta yarda cewa mai laifi ne ba ta da wurin zama a ko'ina.

Abin da ya fito da irinta fili hukunci ne na Kotun Ƙoli a ranar 3 ga Mayu, 2017, wanda alƙalai 3 suka rinjayi 2 a kansa, cewa wata tsohuwar doka mai lissafa kowace ranar jiran shari'a a tsare, bayan shekara biyu na farko, a matsayin kwana biyu za ta iya amfanar wanda aka ɗaure da laifin cin zarafin bil'adama. Mako guda bayan haka dubban ɗaruruwan mutane suka cika dandalin Plaza de Mayo suna ɗaga farin kallabi, alamar uwayen da suke zagaya wannan dandali tun 1977 suna cigiyar 'ya'yansu, majalisa kuma ta yi gaggawar yin dokar da ta toshe ƙofar. A cikin taron akwai wata mata mai suna Mariana, wadda bayan kwana biyu mujallar Anfibia ta buga hira da ita: 'yar Miguel Etchecolatz ce, tsohon shugaban sashen bincike na 'yan sandan lardin Buenos Aires, ɗaya daga cikin sunayen da aka fi tsoro a zamanin. Hirar ta sa wasu suka fara neman juna ta Facebook da waya. A ranar 25 ga Mayu 'yan kaɗan suka haɗu, ciki har da Analía da Liliana Furió, 'yar wani hafsan leƙen asirin soja da aka ɗaure a Mendoza, suka kafa ƙungiyar Historias Desobedientes, wato labaran masu ƙin biyayya. A ranar 3 ga Yuni suka fita da tutarsu a karon farko, a zanga-zangar adawa da kisan mata.

Mariana da Analía sun bi hanya biyu a kan suna, kuma bambancin yana da tushe. Mariana ta tashi ne a gidan tsoro. Ta ce ita da ƙanenta sukan ɓuya a cikin kabad suna addu'ar kada mahaifinsu ya dawo da rai. Ta je kotu ta nemi a cire mata sunansa, aka amince, ta koma Mariana Dopazo, tana kuma kiran kanta tsohuwar 'yarsa. Ita ba ta da ƙaunar da za ta yi kokawa da ita, mutumin da ƙasa ta sani shi ne wanda gida ya sani. Analía kuwa ta riƙe sunan Kalinec, har littafin da ta fitar a 2021 ta sa masa suna mai ma'anar "zan ɗauki sunansa". Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma matsayinta ya yi kusa da haka, sai dai ba ta yarda cewa riƙe hannun yana nufin a ɓoye ruɓar ba. Ba na ganin ɗaya daga cikinsu ta fi ɗaya gaskiya. Amma nauyin Analía ya fi wuyar ɗauka, domin dole ta riƙe abu biyu da kowannensu gaskiya ne, uban da ya yi mata tatsuniya da mutumin da ya hana bandeji, ba tare da ta bar ɗaya ya goge ɗayan ba.

Ƙungiyar ta tsaya a kan abubuwa kaɗan tun farko. Ba su kira kansu waɗanda aka zalunta ba, domin wannan suna yana da masu shi. Sun ƙi kalmar sulhu, wadda a siyasar Ajantina ta daɗe tana nufin a rufe shari'a a manta. Ba su ce sun yafe ba, kuma a nan sun yi daidai, domin yafiyar abin da aka yi a Olimpo ba a hannun 'yar Kalinec take ba. Haƙƙi ne na Delia Barrera da ire-irenta, da na matattun da ba su da bakin yafewa. Abin da suka nema daga iyayensu abu ne guda mai iyaka: su faɗi inda aka kai mutanen, su faɗi gidajen da aka ba jariran. Ƙungiyar kakanni mata ta Plaza de Mayo ta gano jikoki fiye da 130 ta hanyar cigiya da gwajin jini, saura ɗaruruwa suna yawo da sunan da ba nasu ba, sun haura shekara 40, kakanninsu kuma suna ta mutuwa. Saboda haka shirun tsofaffin jami'an laifi ne da ake ci gaba da aikatawa kowace safiya, kuma 'ya'yansu sun fahimci cewa shirunsu su ma yana taimaka masa.

Da suka tashi yin magana sai suka ci karo da doka. Sashe na 178 na dokar shari'ar laifuka ta ƙasar ya hana mutum kai ƙarar mijinsa ko matarsa ko iyayensa ko 'ya'yansa ko ɗan uwansa, sai idan shi aka yi wa laifin ko wani dangi na kusa kamarsa, sashe na 242 kuma ya hana su ba da shaida a kan wanda ake tuhuma. Manufar dokar ita ce kare zumunci, kuma a shari'ar sata ko faɗa tana da ma'ana. A Nuwambar 2017 ƙungiyar ta kai wa majalisa ƙudurin cire wannan hani idan laifin na cin zarafin bil'adama ne. Wanda ya tsara shi lauya ne, Pablo Verna, ɗan wani likitan soja a barikin Campo de Mayo, wanda ya ce mahaifinsa ya amsa masa da bakinsa cewa yana cikin masu yi wa fursunoni allurar barci kafin a loda su a jirgi. Ƙudurin ya kwanta a majalisa, amma a Yulin 2019 wata kotun tarayya a San Martín ta bar Verna ya ba da shaida, tunda mahaifinsa ba ya cikin waɗanda ake tuhuma a wannan shari'a. Akwai kuma Erika Lederer, 'yar likitan haihuwa na ɗakin ɓoye da ake karɓar haihuwar fursunoni a barikin, wanda ya kashe kansa a 2012 bayan an gano wani jika da sa hannunsa a kan takardar haihuwarsa ta bogi. Irin waɗannan bayanai a falo da ɗakin kwana suke, a cikin maganar da ta suɓuce wa uba yana cikin fushi ko takardar da aka gani a aljihun tebur, wuraren da mai gabatar da ƙara ba ya isa.

Martanin Kalinec ya zo a 2019. Daga kurkuku ya shigar da ƙara a kotun farar hula yana neman a ayyana Analía a matsayin wadda ba ta cancanci gadon mahaifiyarta ba, 'yan uwanta biyu kuma suka mara masa baya. A cikin takardar ƙarar an yi zargin cewa 'yan gwagwarmaya ne suka gano ta a sashen da take karatu a jami'a suka juya mata tunani, lafazin da ya yi kama da na rahoton leƙen asiri fiye da na uba mai kukan 'yarsa. Dukiyar ba ita ce abin dubawa ba. Mutumin da kotu ta tabbatar ya azabtar da mutane ya nemi wata kotu ta rubuta cewa 'yarsa ce marar mutunci, laifinta kuwa shi ne ta faɗi abin da kotun farko ta riga ta faɗa.

A ƙarshen shekarar aka ba shi izinin fita daga kurkuku na ɗan lokaci, bisa tanadin doka na ƙarfafa dangantakar fursuna da iyalinsa. Aka ɗaukaka ƙara, a watan Fabrairun 2020 kuma Analía ta yi magana a gaban kotun ɗaukaka ƙarar laifuka ta tarayya da sunan ƙungiyarta. Ta ce mahaifinta bai yi nadama ba, yana riƙe da bayanan da iyalai suke nema, kuma a ganinta da zai samu sandar lantarki a yau ba zai yi jinkirin gwada ta a jikinta ba. Kotun ta soke izinin.

Mai karatu da ya tashi a kan girman haƙƙin iyaye, wanda aka koya masa cewa albarkarsu ita ce jari kuma fushinsu abin gudu ne, zai ji wannan magana ta yi masa nauyi, kuma ya kamata ta yi. 'Ya ta tsaya gaban alƙali don a ci gaba da tsare tsohon da ya haife ta ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ba da labarin kamar nasara ce tsantsa bai kalli abin da ta rasa ba. Amma tarbiyyar da ta ɗora mana kyautata wa iyaye ita ce kuma ta ce a tsaya da adalci a ba da shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi, ta kuma raba tsakanin zama da su da kyautatawa da bin su a kan ɓarna. Inda za a iya yi wa Analía tambaya shi ne ko akwai hanyar da za ta faɗi gaskiya ta kuma ci gaba da ziyara. Tambaya ce mai kyau, sai dai tarihin ya nuna cewa ƙofar daga ɗaya ɓangaren aka sa mata sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne ta yi shiru. Ta sha nanata cewa abin da take jira daga gare shi shi ne ya yi magana.

Akwai wani ƙorafin daga wani gefe, kuma shi ma yana da ƙafa. Wasu daga cikin iyalan waɗanda aka ɓatar sun yi ɗari-ɗari da farko, suna tsoron kada labarin 'ya'yan masu laifi, wanda 'yan jarida suke so saboda baƙonsa, ya janye ido daga waɗanda aka yi wa laifin, ko ya zama ƙofar baya ta shigo da sulhun da suka ƙi. Ƙungiyar ta rage wannan fargaba ne da halinta, ta hanyar tafiya a bayan uwaye da kakanni a zanga-zanga da ƙin neman wani matsayi na musamman, har aka tarbe ta da tafi a tattakin 24 ga Maris, 2018. Daga baya an samu rassanta a Chile da Brazil da wasu ƙasashen yankin da suka sha mulkin soja.

Kada kuma a ɗauka cewa hanyar Analía ita ce ta yawancin 'ya'yan. Jami'ai fiye da 1,000 aka ɗaure tun da aka sake buɗe shari'o'in a 2006, masu ƙin biyayya kuwa ba su kai ko kusa da wannan adadi ba; mafi yawa sun yi shiru, wasu kuma sun fito suna kare iyayensu. Victoria Villarruel, 'yar wani hafsan soja na wancan zamani, ta gina sunanta ne a kan fafutukar tunawa da waɗanda 'yan sari-ka-noƙe suka kashe da kuma sukar yadda ake ba da tarihin, a Disambar 2023 kuma ta zama mataimakiyar Shugaba Javier Milei, wanda ya fito fili ya musanta adadin 30,000. A Yulin 2024 wasu 'yan majalisa 6 na jam'iyya mai mulki suka ziyarci fursunonin irin waɗannan laifuka a kurkukun Ezeiza, har da Alfredo Astiz, tsohon hafsan sojan ruwa mai ɗaurin rai da rai, suka ɗauki hoto da su. Waɗanda bam ɗin Montoneros ya kashe suna da haƙƙin a tuna da su, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma an san ranar mutuwarsu, an yi musu jana'iza, iyalansu sun san kabarinsu, abin da iyalan Olimpo suke roƙo ke nan har yau.

Lokaci kuma ba ya gefen masu roƙon. Jorge Julio López, wani magini da ya tsira daga hannun Etchecolatz ya kuma ba da shaida a kansa, ya ɓace a karo na biyu ranar 18 ga Satumba, 2006, ana gobe za a yanke hukunci, a cikin mulkin farar hula, ba a sake ganinsa ba. A 2014, ana karanta wani hukuncin, masu ɗaukar hoto suka kama Etchecolatz a kotu riƙe da 'yar takarda da ya rubuta sunan López a kai. Etchecolatz ya mutu ranar 2 ga Yuli, 2022, yana da shekara 93, da ɗaurin rai da rai da dama a kansa, bai faɗi inda López yake ba, bai kuma faɗi inda sauran suke ba.